Hotunan faɗakarwa kan lafiya: daga ina ya fi dacewa a ɗauko su?

Duk wanda ya taɓa shirya afish ko ƴar takardar faɗakarwa a wata CSI, wato asibitin gwamnati na matakin farko, ta jihar Tawa ya san inda aikin ke cijewa. Rubutu dai majo, wato shugaban CSI, da sajfam, wato ungozomar asibiti, za su tsara shi a zama ɗaya. Wurin hoto ake tsayawa. Yawancin matan da ke zaune a rumfar jira ba za su karanta Faransanci ba, wasu ko Hausar boko ba su karantawa, don haka hoton ne ke ɗauke da saƙon baki ɗaya. Abin da aka saba yi shi ne a buɗe Google a waya, a rubuta sunan ciwon, a kwafo hoton da ya fara fitowa. Google kuwa hanya kawai take nunawa zuwa shafukan mutane, kuma galibin hotunan da take jerowa suna da masu su.

Wannan rubutu na wanda ya rasa inda zai nufa ne: majo, sajfam, malamin makarantar koyon aikin jinya, mai kula da rele, wato masu isar da saƙon lafiya a ƙauyuka, ko ƙungiyar matasa da ke shirin gangamin tsafta kafin damina. Hanyoyi bakwai zan auna. Tun yanzu ga inda na karkata: ma'ajiyoyin ƙasashen waje sun fi amfani wurin hotunan abubuwa, kamar sauro, ƙwayar cuta da sassan jiki. Hoton mutum kuwa, gara a nemo shi a gida.

Abin da za a yi awo da shi

Izini ne na farko. Nijar tana da dokar haƙƙin mallakar fasaha ta 2010 da ofishin BNDA da ke kula da ita, kuma tana cikin yarjejeniyar Bern, wato hoton da wani ya ɗauka a Faransa ko Kenya yana da kariya a nan ma, ko da babu wata alama a jikinsa. Hoton da ake cewa na kyauta iri uku ne. Akwai wanda ya zama na kowa da kowa, ba mai sauran haƙƙi a kansa. Akwai wanda wani shafi ke bayarwa bisa sharuɗɗan da shi ya gindaya. Sai kuma mai lasisin Creative Commons, tsarin da aka fara fitarwa a 2002, wanda ake gane shi da gajerun haruffa. BY na nufin a ambaci mai hoton. SA na nufin idan kun sauya hoton, sabon da kuka yi shi ma ku sake shi da lasisi iri ɗaya. NC ya hana kasuwanci da shi. ND ya hana a yaɗa shi bayan an sauya masa kama. CC0 kuwa mai hoton ya yafe komai.

Cikin waɗannan, ND ne ya fi shafar mu, domin aikinmu kusan kullum gyara ne: a goge rubutun Ingilishi da ke cikin zane a sa Hausa ko Tamajak, a ɗaura wa matar kallabi, a mai da kofin gilashi moɗa. Mai ND ya hana duk wannan. NC kuma ba ya damun CSI da ke raba takarda kyauta, amma asibitin kuɗi ko farmasi da ke son sa hoton a talla ya fita daga ciki. Na san da wuya wani mai ɗaukar hoto na Turai ya kai ƙarar majon Bagaruwa. Amma takardar da aka yi yau a ƙauye gobe tana Facebook, kuma masu ba da tallafi sukan tambayi asalin kowane hoto kafin su biya kuɗin bugu.

Na biyu, kama da mutanenmu. Uwa ta ga mace mai irin zanenta, a tsakar gida irin nata, ga randa ga buta, sai ta ɗauka da ita ake. Ta ga mace da gajeren wando a gaban famfon ɗakin girki na zamani tana wanke hannu, sai ta ce wannan na masu famfo ne. Launin fata ma a nan batun likitanci ne. Ƙurajen ƙyanda a jikin farin yaro jajaye ne jawur, a jikin yaron Adar kuwa sau da yawa ba su nuna ja sosai, sai an duba da kyau ko an shafa. Idan hoton farar fata rele ya riƙe a kansa, zai iya wuce yaro mai baƙon dauro bai gane ba.

Na uku, daidaito da abin da ake koyarwa a ƙasa. Maganin rigakafin masassarar damina da ake ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 kwana uku ake shan sa kowane zagaye: ranar farko a gaban mai rabawa, sauran kwana biyun uwa ce ke bayarwa a gida. Hoton yaro yana shan ƙwaya ɗaya yana murmushi, komai kyawunsa, ya ɓoye kwana biyun da aka fi mantawa da su.

Na huɗu, jure bugu. Hoton da zai cika takardar A4 ya fito tas yana buƙatar kusan fiksel 2480 a 3508. Afish na A3 da za a kalla daga nesa zai iya wucewa da kamar 1750 a 2480. Wanda ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, sai dai a tura shi a matsayin takarda. Sannan a tuna cewa ƙarshen yawancin kayanmu na'urar fotokopi ce, baƙi da fari. Ku ɗauki hoton igiyar awon damtse da ake gano tamowa da ita a yara ƴan wata 6 zuwa 59: ja ƙasa da milimita 115, rawaya daga nan zuwa 125, kore a sama. Ku sa shi a fotokopi ku gani. Ja da kore duk sun koma toka-toka kusan iri ɗaya, rawaya ta zama fari, saƙon ya tafi. Irin wannan shafi dole a buga shi da launi, ko a rubuta sunan kowane launi a kai da manyan baƙaƙe, a kuma riƙe igiyar gaske a hannu lokacin bayani.

Na ƙarshe, kuɗi da haɗari. Kuɗi a nan mega ne da lokacin da aka ɓata ana jiran rezo. Haɗarin kuwa ya fi faɗawa kan wanda fuskarsa ke cikin hoton. Lasisin Creative Commons haƙƙin mai ɗaukar hoto kaɗai ya warware, bai ce matar da aka ɗauka ta yarda a manna ta a ƙarƙashin rubutun sida ba.

1. Kayan Ma'aikatar Lafiya da abokan aikinta

Wannan ce hanyar da aka fi tsallakewa, alhali ita ta fi kusa. Shirin yaƙi da masassarar cizon sauro na ƙasa, sashen abinci mai gina jiki da sashen rigakafi duk suna da afish da bwat-a-imaj, wato manyan shafukan zane da ake juyawa ɗaya bayan ɗaya lokacin hira da mata. Katunan ANJE na ciyar da jarirai da ƙananan yara misali ne da kusan kowane rele ya sani. An zana su da suturarmu da abincinmu, kuma an amince da saƙon a hukumance, saboda haka ba za ku koyar da abin da ya saɓa wa na gundumar lafiya ba. Kuɗi babu. Wahalar ita ce samun fayil ɗin asali mai kyau, domin abin da ke yawo a wayoyi yawanci hoton afish ne da aka ɗauka a jikin bango, a karkace, da hasken taga a gefe. Ku bi ta mai kula da sadarwa na gundumarku ko na hukumar lafiya ta jiha, ku je da kile USB, ku kuma tambaya ko an yarda a ciro zane ɗaya a sa a wata takarda.

A kula da bambanci tsakanin littattafan OMS, wato Hukumar Lafiya ta Duniya, da hotunanta. Tun 2016 OMS ke sakin wallafe-wallafenta da lasisin CC BY-NC-SA, ana iya kwafa da fassarawa idan ba don kasuwanci ba, amma ban da tambarinta, ban da kuma hotunan wasu da ke cikin littafin. Hotunan UNICEF kuwa suna da haƙƙin mallaka, sai an nemi izini. Ganin su a shafinta ba izini ba ne.

2. Ma'ajiyar PHIL ta hukumar CDC

CDC hukumar yaƙi da cututtuka ce ta Amurka, mai hedkwata a Atlanta. A dokar ƙasarsu, abin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya samar a bakin aiki na kowa ne, shi ya sa mafi yawan hotunan PHIL, ma'ajiyar hotunan lafiya ta CDC a intanet, ba su da wani sharaɗi. Ba sai an yi rajista ba. A ƙasan kowane hoto akwai layin da ke faɗin matsayinsa, a duba shi domin ƴan kaɗan na wasu ne. Suna so a ambaci CDC da mai hoton, kamar a rubuta “Hoto: James Gathany, CDC” a ƙarƙashin sanannun hotunansa na sauron anofelis yana shan jini.

Wurin ƙwari, tsutsotsin ciki, ƙwayoyin cuta a madubin likita da kayan ɗakin gwaji, da wuya a sami kamarta, kuma bayanin da ke tare da hoton abin dogaro ne. Rauninta biyu: da Ingilishi ake nema, kuma hotunan alamomin ciwo da yawa tsofaffi ne, a jikin fararen fata. Manyan fayilolinta suna cin mega, a sauke su inda rezo ke da ƙarfi. Kada a bar su a shafin da niyyar dawowa: a farkon 2025 an sauke wasu shafukan gwamnatin Amurka, shafin USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, ma ya rufe gaba ɗaya.

3. Wikimedia Commons, da Openverse da Flickr

Commons ma'ajiyar da Wikipedia ke ɗibar hotuna ce. An buɗe ta a 2004, fayilolinta sun haura miliyan 100. Babbar fa'idarta ita ce ba ta karɓar mai NC ko ND, don haka duk abin da ke ciki ana iya gyara shi, a fassara, har a sayar da takardar, muddin an bi sharaɗin ambato da na SA idan akwai. Ana iya mai da shafin Faransanci, kuma kowane hoto ana ba da shi a girma daban-daban, mai ƙaramin mega ya ɗauki daidai ƙarfinsa. Gasar Wiki Loves Africa da ake yi tun 2014 ta zuba hotunan Afirka da yawa a ciki, ta 2021 ma kan lafiya aka yi ta.

Sai dai kasuwa ce, kowa na kawo hajarsa. Sunan da aka sa wa hoton ciwo yana iya zama kuskure, don haka sai likita ya duba. Idan kuka rubuta Niger, za ta haɗo muku da Najeriya da jihar Neja da kogin Kwara. Ya fi sauƙi a nema da sunan gari yadda ake rubuta shi da Faransanci: Tahoua, Maradi, Zinder, Madaoua.

Openverse injin nema ne na kayan da ke da buɗaɗɗen lasisi, yana leƙa Commons da Flickr da wasu wurare a lokaci ɗaya, ana kuma iya ce masa ya nuna waɗanda aka yarda a gyara kawai. A Flickr ne ƙungiyoyin raya ƙasa da yawa ke ajiye hotunansu na Sahel, masu kyau ƙwarai, amma da yawa NC-ND ne, kamar na Bankin Duniya. Mai hoto a Flickr yana iya canza lasisi daga baya. Wanda kuka ɗauka a kansa bai warwaruwa, amma ku ne za ku nuna shaida, don haka ku ɗauki hoton allon wayar da lasisin ke bayyane a ranar da kuka sauke. Wani abu kuma: a sabon zubin lasisin Creative Commons, wato 4.0, wanda ya yi kuskuren ambato yana da kwana 30 ya gyara bayan ya gane. Tsofaffin lasisi irin 2.0, waɗanda suka cika Flickr, ba su da wannan rangwame.

4. Unsplash, Pexels da Pixabay

Su ne suka fi kyan gani da sauƙin amfani, su ne kuma suka fi ƙarancin amfani a gare mu. Ana saukewa kyauta, ambato ba dole ba ne, hotunan manya ne. Kamfanin Canva ya sayi Pexels da Pixabay a 2019, Getty Images ya sayi Unsplash a 2021, kuma kowanne da nasa sharuɗɗan da zai iya canzawa. A tsakanin na kyauta ana cusa na sayarwa, mai gaggawa sai ya latsa ya ga ana neman kati. Mutanen ciki galibi ƴan kwalliya ne a asibitoci masu ƙyalli, allurar da ke hannunsu ta ado ce, ba mai duba ko an riƙe ta daidai. Sharuɗɗan Pexels da Pixabay sun hana a nuna mutumin da ake iya ganewa ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci, wato ɗora fuskar wata a kan saƙon ciwon sanyi ya saɓa musu. Don hoton sabulu, ƙwai, kifi ko gajimaren damina, sun wadatar.

5. Zane-zane da alamomi: Servier Medical Art da Health Icons

Servier kamfanin magunguna ne na Faransa. Ya saki zane-zanen likitanci dubbai da lasisin CC BY: mahaifa, huhu, ƙoda, zagayen jini, matakan girman ciki. Suna zuwa har a fayil ɗin PowerPoint, inda ake iya raba sassan zanen, a canza launi, a sa sunayen Hausa. Ga malamin da ke koyar da ɗaliban jinya ko ungozoma a Tawa, wannan ita ce ma'ajiyar da zan fara ba shi. Ga taron ƙauye kuwa ta yi nisa, domin zanen gaɓar da aka tsaga biyu sai wanda ya saba da shi.

Health Icons ƙananan alamomi ne baƙi da fari, CC0, ba sharaɗi ko ɗaya: allura, sauro, mai ciki, motar asibiti. Fayil ɗin bai kai komai ba a mega, ana faɗaɗa shi ya cika bango bai dushe ba, fotokopi kuma ba ta yi masa komai. Sun dace da allon nuna ɗakuna da jadawalin rigakafi. Ba su iya koyar da aiki mai matakai, irin haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti a lita ɗaya.

A nan zan ɗan kauce. A ƙarshen 2021 zanen ɗan tayi baƙar fata a cikin mahaifa, na ɗan Najeriya Chidiebere Ibe, ya zagaye duniya, domin mutane da yawa ba su taɓa ganin irinsa a littafin likitanci ba. Yawan yawo a intanet bai mai da zane na kowa ba, wannan ma yana da mai shi.

6. Hotunan ƙirƙirarriyar basira

Yanzu da waya ana iya rubuta “uwa tana shayar da jariri a ƙauyen Sahel” a sami hoto cikin daƙiƙu, kyauta ko da ɗan kuɗin wata. Fuskar ba ta wani mutum na gaske ba ce, wannan fa'ida ce. Amma na'urar ba ta san aikin jinya ba. Takan ɗaura igiyar awo a gwiwar hannu maimakon tsakiyar damtse, ta rataya sange bai sauka ƙasa ba balle a cusa shi ƙarƙashin tabarma, ta sa jariri ya kama kan nono kaɗai, wato ainihin kuskuren da sajfam ke faman gyarawa. Suturar takan fito gauraye, rabi ta Gabashin Afirka. Ni dai ina ganin amfaninta guda ne: a gwada tsarin hoto a nuna wa mai zane abin da ake so.

7. Naku na kanku: waya ko mai zane na gari

Wayar da ke aljihunku ta isa ɗaukar hoton A4 idan da haske, da safe ko da la'asar, a inuwa. Kwanon kunun gero da aka zuba wa garin ƙuli ko wake, buta da sabulu a bakin salga, bido mai murfi, sange a shimfiɗar tsakar gida lokacin zafi: babu ma'ajiyar duniya da za ta ba ku waɗannan yadda suke a Keita ko Illela. Haƙƙin naku ne, ba mai canza muku sharaɗi.

Nauyin da ke kai shi ne yarda. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP da ke sa ido a kai, kuma hoton fuska da bayanin lafiya suna cikin abin da ake karewa. A rubuta takardar yarda, a karanta wa mutum da harshensa, a faɗa masa ƙarara inda hoton zai je: bangon CSI kaɗai, ko har Facebook. Na yaro, iyaye ne za su yarda. Matar aure kuma, kowa ya san idan maigida bai sani ba ya ga matarsa a afish a kasuwar Badagishiri, rigimar a kanta za ta ƙare, don haka a ba ta lokaci ta yi shawara a gida. Kada a nemi yarda a layin karɓar magani ko abincin tamowa, domin a wurin ba mai iya cewa a'a. Sau da yawa ma ba a buƙatar fuska: hannu, baya ko gefe sun isa, ko ma'aikata da rele su tsaya a madadin marasa lafiya.

Mai zane shi ne zaɓin da ke cin kuɗi a fili, kuma a ganina shi ya fi biyan kuɗinsa. Masu zanen allon aski da na shaguna, da malaman zane na makarantu, suna nan a Tawa da Ƙwanni da Madawa. Zanen layi baƙi a kan fari yana jure fotokopi sau nawa, bai tona asirin kowa ba, kuma ana iya cire duk abin da zai ɗauke hankali. A yi ciniki kan kowane zane har da gyara sau biyu ko uku, sajfam ko likita su zauna da shi wurin zanen farko, a kuma rubuta a takarda cewa an ba ku damar bugawa da sauyawa. Idan ba a rubuta ba, haƙƙin yana hannunsa ko da kun biya.

A taƙaice

| Hanya | Kuɗi | Izini | Kama da mu | Jure fotokopi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ma'aikatar Lafiya | Babu | A tambaya | Sosai | Da kyau | Samun fayil mai kyau |
| PHIL | Mega | Galibi na kowa | Kaɗan | Matsakaici | Farar fata, Ingilishi |
| Commons, Openverse, Flickr | Mega da lokaci | Ya danganta da hoto | Wani lokaci | Matsakaici | Kuskuren suna, NC da ND |
| Unsplash, Pexels, Pixabay | Mega | Sharuɗɗan shafi | Kaɗan ƙwarai | Rauni | Hoton ado, fuskokin mutane |
| Servier, Health Icons | Kaɗan | CC BY, CC0 | Ba ruwansu | Sosai | Wuyar fahimta a ƙauye |
| Ƙirƙirarriyar basira | Babu ko kaɗan | Sharuɗɗan manhaja | A sama-sama | Rauni | Kuskuren likitanci |
| Waya ko mai zane | Lokaci, ladan zane | Naku, da takarda | Sosai | Zane ya fi | Rashin yarda |

Ko daga ina hoton ya fito, kada a kai shi madaba'a sai an gwada. A rufe rubutun da hannu, a nuna wa mata biyar ko goma a rumfar jira, ɗaya bayan ɗaya don kada su bi bakin ta farko, a ce: “Inna, me kika gani a nan? Me ake so ki yi?” Abin da ke fitowa yakan ba da mamaki. Sauron da aka faɗaɗa ya cika shafi, wata za ta ce su nasu bai kai haka ba. Alamar gicciye ja da muke nufin “kar a yi” ba kowa ke karanta ta haka ba. Wanda karatunsa na allo ne yakan fara jerin hotuna daga dama, sai ya ga an ci abinci kafin a wanke hannu. Maganin wannan shi ne a jera matakan daga sama zuwa ƙasa.

Wa ya kamata ya ɗauki me

Rele ko sajfam da ke hira da mata kan shayarwa, awon ciki, sange ko maganin damina, su fara da kayan ma'aikatar. Inda aka rasa wani shafi, mai zane ya cike shi da salo iri ɗaya. Zanen shayarwa da na tsarin iyali a yi su kashi biyu, wanda za a manna inda maza da yara ke wucewa, da wanda za a buɗe a ɗakin awo kaɗai.

Malamin makarantar lafiya da ɗalibin da ke shirya bayani a aji: Servier don sassan jiki, PHIL don ƙwayoyin cuta da ƙwari, Commons don abin da ya rage, da ɗan layin ambato a ƙasan kowane hoto mai ɗauke da sunan mai shi, inda aka samo, lasisin, da ko an gyara.

Ƙungiyar da ke da tallafi kuma za ta buga da yawa, ta ware kuɗin mai zane a kasafi tun farko, ta kuma buɗe jadawali ɗaya na dukan hotuna, da adireshin shafi da ranar saukewa da takardun yarda, a ajiye a kwamfuta da kile biyu. Asibitin kuɗi da farmasi su tsaya kan CC0, CC BY, na kowa da kowa, ko nasu. Mai tura saƙo a rukunin WhatsApp na unguwa, alama ɗaya ta Health Icons da jimla ɗaya da muryar Hausa ta minti guda sun fi hoto mai nauyi da ba zai buɗe a ƙaramar waya ba.

Wanda ke son nuna alamomin ciwo a fata, kamar ƙyanda, ƙazuwa ko makero, ya nemi na baƙar fata, ya sa likita ya tabbatar, idan kuma a asibitinsu za a ɗauka, a ɗauki wurin ciwon kawai da yardar iyaye. Sida, tarin fuka, yoyon fitsari, ciwon noma mai cin baki da fuska, da tamowa mai tsanani kuwa, a yi su da zane, ko da mai ciwon ya ce ya yarda a ɗauke shi, domin garuruwanmu ƙanana ne kuma afish yakan shekara da shekaru a bango bayan mutum ya warke.